Kalangu a Kunnen Na'ura: Haɗa Kiɗan Lo-fi a Garwa

Kiɗan lo-fi kiɗa ne mai sanyin tafiya, wanda galibi yake tsakanin bugu 70 zuwa 90 a minti guda, kuma da gangan ake dusashe sautinsa, a bar masa shuu irin na tsohon faifai, domin ya zauna a bayan kunne ba tare da ya ɗauke hankalin mai karatu ko mai aiki ba. Tashar nan ta YouTube da ake kira Lofi Girl, wadda wani Bafaranshe ya kafa, ita ta yaɗa shi a duniya da ta fara watsa shi dare da rana a 2017, kuma ta wannan hanya ya iso wayoyin ɗalibanmu na Garwa da Marwa da Ngaundere a arewacin Kamaru. Mu da muke haɗa kiɗa a ƙananan situdiyo, waɗanda yawancin aikinmu waƙoƙin biki ne da na talla, mun fara gwada shi a daidai lokacin da ƙirƙirarriyar basira ta shigo cikin manhajojin da muke aiki da su. Ra'ayina shi ne waɗannan kayan aiki sun ƙware wajen tsinta da shara da gyara, amma kunnensu bai san kayan kiɗanmu ba, kuma wanda ya sakar musu ragamar aikin gaba ɗaya zai fito da kiɗan da ba a iya bambanta shi da na wani saurayi a Faris ko Tokiyo.

Abin da ya fi amfanar da ni shi ne mai rarrabe sauti. Kamfanin Deezer na Faransa ya saki Spleeter kyauta a 2019, masu bincike na Facebook suka fitar da Demucs, sannan FL Studio, wadda ita ce manhajar da ta fi yawa a situdiyoyinmu, ta sanya irin wannan fasaha a cikinta a 2023. BandLab ma tana da nata ga mai aiki da waya kaɗai. Aikinsu shi ne a ba su kiɗan da aka riga aka haɗe, su warware shi gida huɗu: murya, ganguna, bes (wato sauti mai kauri na ƙasa-ƙasa), da sauran abin da ya rage. A da, idan mutum yana son ɗauko 'yar gajeriyar jimlar gurmi daga wani tsohon kaset, sai ya yi ta laluben wurin da mawaƙi ya ja numfashi, amma yanzu yana iya cire muryar baki ɗaya cikin 'yan mintoci.

Sai dai gidajen nan huɗu an gina su ne a kan ƙungiyar makaɗan Turai. Tarin waƙoƙin da masu bincike suka fi dogara da shi wajen horar da irin waɗannan manhajoji da auna ƙwarewarsu, wanda ake kira MUSDB18, waƙoƙi 150 ne kacal, kimanin awa goma, kuma kusan dukansu na Yammacin duniya ne. A wajen na'urar da ta tashi a kan wannan, ganga abu ne da ake bugawa ya yi ƙara ya mutu a sauti ɗaya. Kalangu kuwa ba haka yake ba, domin makaɗi yana matse tsarkiyoyinsa a hammata, sautin ya hau ya sauka yana bin karin harshe, har mai sauraro ya gane kirarin da ake yi. Idan na ba manhaja kiɗan kalangu, takan yanka kowane bugu biyu: ta kai kan bugun gidan ganguna, ta kai jelarsa mai lanƙwasa gidan bes, wani lokaci ma ta tura wani abu gidan murya, tunda ta ji abin yana magana. Wanda ya ɗauki gidan ganguna kaɗai zai tarar da kalangun da aka cire wa harshe. Goge ma yakan sha irin wannan, saboda kukansa ya yi kusa da muryar mutum, sai rabinsa ya bi mawaƙi idan aka cire shi. Dabarar da nake bi ita ce in kashe gidan murya kawai, in sake haɗe sauran ukun, in kuma saurari abin da aka zuba a gidan muryar da kyau kafin in yar da shi. Ɗan gurɓatar da rarrabewar take bari ba ta cika damuna ba, domin a lo-fi ana rage tsinin sauti ko ta yaya, kuma a can sama ne yawancin tabon yake zama.

Batun lokacin bugu ya fi wannan muhimmanci, ko da yake an fi yin sakaci da shi. Kowace manhajar haɗa kiɗa tana da layukan awo, kuma tana iya jawo kowane bugu ta ɗora shi daidai kan layi. J Dilla, makaɗin Amurka da ya rasu a 2006, wanda masu lo-fi suke ɗauka a matsayin ɗaya daga iyayen gidansu, ya yi suna ne da ƙin wannan daidaitawar a na'urarsa ta haɗa bugu mai suna MPC, yana barin wani bugun ya makara, wani ya yi gaba. Yanzu akwai kayan aikin da suka koyi irin wannan tangaɗin daga makaɗa na gaske, kamar Magenta Studio na Google, suna iya sassauta bugun da ya sandare. Amma tangaɗin da suka koya na masu gangunan Turawa ne, a kan awo mai taku huɗu, alhali kuwa da yawa daga kiɗanmu, kamar na ƙwarya da mata suke yi a gidan biki, yana tafiya ne uku-uku a cikin kowane taku. Saboda haka nakan fara ɗaukar ƙwarya ko kalangu da makirfo, in bar su yadda hannu ya buga, sannan in matsar da gangunan manhaja su bi bayansu ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin lokaci, amma a nan ne kiɗan yake samun tafiyarsa.

Haka abin yake ga mataimakan da ke ba da shawarar haɗin sautukan fiyano. Suna kawo haɗe-haɗen jazz masu taushi, waɗanda su ne asalin ɗanɗanon lo-fi, kuma sukan dace da gurmi fiye da yadda mutum zai zata, tunda waƙoƙinmu da yawa suna yawo ne a kan sautuka biyar, wanda hakan ke barin fili. Matsalar ita ce mai gurmi yana ɗaure tsarkiyarsa ne daidai da muryarsa, bai san da tsayayyen ma'aunin sauti da fiyano ke bi ba. Manhaja za ta nemi ta gyara gurmin. Ni kuwa fiyanon nake saukarwa ko in ɗaga har ya sadu da shi.

Akwai kuma tambayar wace irin tsufa muke kwaikwayo. Kayan aiki irin su iZotope Vinyl suna ƙara ƙaraf-ƙaraf na allurar garmaho, wanda shi ne abin da ke tuna wa Ba'amurke gidan kakansa. Mu kaset ya rene mu, da rediyo mai gajeren zango wanda muryarsa ke zuwa tana komawa, da zaren da rana ta gasa a cikin motar haya har sautinsa ya riƙa rawa. Wannan ba ya bukatar wata basira: tsohuwar rakoda daga kasuwa ta isa, a ɗauki kiɗan a kaset, a sake mayar da shi kwamfuta.

Suno da Udio, waɗanda ake rubuta wa jimla ɗaya su fito da cikakken kiɗa, ba na gina aikin sayarwa a kansu. Idan aka nemi su saka kalangu, abin da nake ji ya fi kama da wata ganga ta ko'ina da ko'ina. Ga kuma rigimar haƙƙin mallaka: a watan Yunin 2024 kamfanonin Universal da Sony da Warner suka kai su ƙara a Amurka kan waƙoƙin da aka horar da su a kai, a Janairun 2025 kuma ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana cewa rubuta umarni kaɗai ba ya sa mutum ya zama mai abin da na'ura ta samar. Ban da haka, suna cin data, ga shi a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 kuma wuta ke yawan ɗaukewa, na fi son abin da ke aiki a cikin kwamfutata ko babu intanet.

Sauƙin rarrabe sauti bai halatta wa kowa tsohon kaset ba. Kamaru tana da dokar haƙƙin mawallafa ta Disambar 2000, kuma makaɗan da ke cikin waɗannan kaset-kaset suna da magada a raye. Shi ya sa na fi son gayyato makaɗi situdiyo, in biya shi, mu rubuta yarjejeniya ko da ta shafi ɗaya ce. Wani dattijo mai kalangu da nake aiki da shi ya saurari abin da na haɗa, ya ce, "Ɗana, wannan kiɗan na masu jin barci ne?" Na ce, "Baba, na masu karatu ne." Ya ce to in haka ne a cire kirarin mahauta da ya buga a tsakiya, domin ba a karatu a kansa, sai muka sake ɗaukar wurin da wani take mai laushi.