Ranar da Akawalina Ya Ƙi Shinge

Asabar da ta wuce na kai akawalina wata 'yar gasar gwaji da muka shirya a bayan garin Bauchi, bisa tsarin Turawa mai matakai uku: nuna ladabin doki, sukuwa a daji, sannan tsallake shinge. Dokin da ya saba da hawan sallah bai san tafiyar natsuwa ba, domin ina jan linzami sai ya ɗaga ƙafafun gaba, kamar mun zo jafi gaban Sarki. A daji kuwa ya burge ni, ya ƙetare kwari ban sa masa ƙaimi ba. Shingen ƙarshe ne ya ƙi har sau biyu, kuma laifina ne, domin na saki linzami da wuri.