Kada sifirit ya haɗu da fentin Vallejo a kofin bindigar feshi

Fentin akirilik ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan ne ya ci mini nozul (bakin bindigar da fenti ke fita) mai milimita 0.2 ina tsakiyar fesa ɗan samfurin jirgin yaƙi mai sikelin 1/48 a nan Jidda. Na kamfanin Tamiya yana karɓar sifirit lafiya lau, don tinarsa (ruwan sirka fenti) X-20A ma akwai sifirit a ciki. Na Vallejo kuwa na ruwa ne. Tinata ta ƙare, na ɗiga masa sifirit ɗin saidaliyya (kantin magani), nan take ya tsinke ya koma kamar ƙaro, ya cushe bakin nozul. Na tura allurar cikin bindigar da ƙarfi don ta buɗe hanya, bakin ya tsage.

Ido ba ya ganin tsagewar. Sai dai fenti ya riƙa karkata gefe guda yana tofi, duk wankin da za ka yi ba zai daina ba. Ba ta da gyara sai sabon nozul, kuma har yanzu abin yana mini ciwo.

Yanzu kowane fenti da tinar kamfaninsa. A wani ɗan murfi nake haɗawa tukuna, sai ya yi ruwa-ruwa kamar madara kafin ya shiga kofi. In zai tsinke, gara ya tsinke a can. Ƙarfin iska a ma'aunin kwamfuresa tsakanin PSI 15 zuwa 20. Ka fara sakin iska kafin ka ja kunama baya, ka mayar da ita gaba kafin ka yanke iskar.

Mukayyif (AC) yana busar da ɗaki, fenti ya daskare a tsinin allura. Ɗigo ɗaya ko biyu na maganin jinkirta bushewa yana taimakawa, sannan ka riƙa share tsinin da jiƙaƙƙen burushi. In ka koma baranda kuma laimar teku ce, kwamfuresa ta tara ruwa ta tofa maka a kan aiki. Matarar ruwa dole ce, a zubar da ruwan da ta tara kafin a fara.

In hanya ta toshe, don Allah kada ka tura allura. Kwance nozul, jiƙa shi a ruwan wankin bindiga na minti goma, ka share da lallausan burushi. Banda ruwan goge gilashi mai amoniya, yana cin rufin ƙarfen. Wajen mayarwa kuma ɗauri kaɗan ya isa, zaren nozul siriri ne, yana karyewa a ciki.