Kantata ta daina zubar da mai: godiya ga waɗanda suka tsaya mini

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillahi, yau kwana tara ke nan ina shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motata da daddare, in zaro shi bayan sallar asuba babu ɗigo ko ɗaya. Waɗanda suka san halin da na shiga tun bayan ƙaramar salla sun san darajar wannan kwalin a wurina. Shi ya sa na ce bari in fito fili in yi godiya, in kuma nemi afuwar wasu bayin Allah da na shafa wa kashin kaji.

Ga wanda bai san mafarin zancen ba, Kanta ce da ni guda ɗaya tilo, ƙirar Mitsubishi, tana ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa Zariya da Kaduna. Ita ke riƙe da gidana da na direbana. Da tsohon injinta 4D32 ya buga, sai na haɗa abin da ke hannuna, uwargida ta sayar da tumakinta biyu, aka sayo 4D33 ɗan Beljiyom, kamar yadda muke kiran duk kayan da aka yi amfani da su a waje ko da daga Japan suka taso. Ya fi tsohon girma, lita 4.2 ne maimakon 3.6. Ranar da aka tayar da shi a gareji har tsire na saya wa yaran.

Kwana biyu da fara aiki direba ya kira ni ya ce, "Maigida, zo ka ga ƙasan motar nan." Baƙin mai ne yake taruwa daidai inda inji ya haɗu da giyabos, yana ɗiga. Duk wanda ya leƙa abu ɗaya yake faɗa: sil ɗin bayan inji ne, wato zoben robar da ke hana mai fita. Aka sauke giyabos, wuni guda cur, na je Ƙofar Ruwa da kaina na sayo sil mai kyau aka saka. Kwana uku ƙasa a bushe. A na huɗu ta hau hanyar Zariya da cikakken lodi, kafin ta dawo gejin mai ya nuna ta sha wajen lita biyu. Aka ce to gasket ɗin kaskon ƙasa ne, aka kwance, aka shafe shi da gam kamar ana yaɓen ɗaki. Ashe an gudu ne ba a tsira ba.

A nan ne bakina ya yi ɓarna. Na je shagon wanda ya sayar mini da injin na ce ya cuce ni, a gaban mutane. Na ce wa makaniken da ya ɗaura shi bai san aikinsa ba. Har direbana, mutumin da muke tare shekara shida, sai da zuciyata ta raya mini ko yana rage man ne yana sayarwa. Allah Ya yafe mini.

Ƙarshen tika-tika, man ya jiƙa fulet ɗin kulochi, motar ta fara ihu ba ta ja. Ta tsaya musu bayan magariba kusa da Kwanar Ɗangora da buhunan masara a kanta. Godiyata ta farko ga mai shayin da ya ba direba da yaron mota benci suka kwana, ya kuma ƙi karɓar kuɗin shayin safe. Shi ne ya ce akwai wani tsohon makanike a can ciki, ya daina ɗaga ƙarfe amma idonsa bai tsufa ba.

Baba, wato tsohon makaniken, ya iso da hantsi a bayan babur, da carbi a hannu, da wani yaro ɗan shekara kamar goma sha huɗu riƙe da jakar sifana. Ni kuwa na taho daga Kano raina a ɓace, na fara zayyano masa abin da aka canja. Ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, kar ka gaya mini abin da aka kwance. Bari motar ta gaya mini."

Ya dangwali man da yatsa ya sansana. Ya ce wannan na inji ne, baƙi ƙirin irin na mai shan gas. Da na giya ne da warinsa ya bugi hanci kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Sannan ya sa aka wanke injin tas da kananzir da omo, tun daga sama har ƙasa, aka bar shi ya bushe a rana. Ya aiki yaron wani shago ya sayo hodar jarirai. Wallahi sai da na yi dariya duk da baƙin cikina. Aka barbaɗe injin fari fat, aka tayar, direba ya taka ta na minti kamar goma sha biyar, Baba yana tsugune yana kallo bai ce uffan ba.

Sai ga baƙaƙen layuka suna fitowa a kan farar hoda. Ɗaya daga kusurwar baya ta murfin sama, yana gangarowa ta bayan inji har ya sauka kan mahaɗar giyabos, daidai wurin da muka yi wata guda muna zargi. Wani daga bakin geji. Wani ɗan siriri daga sil ɗin gaba. Baba ya ce mai ƙasa yake bi, iskar tafiya kuma baya take kora shi, don haka inda ka ga ya taru ba nan ne garinsu ba. Ya ƙara da cewa in wuri ɗaya ne yake yoyo, laifin wurin ne, amma in uku ne ko huɗu lokaci guda, to wani abu ne yake turo man daga ciki.

Ya sassauta murfin zuba mai inji yana aiki, sai ji muka yi fus, iska ta kusa fizge shi daga hannunsa. Gabana ya faɗi, don na san abin da ake cewa in inji yana huci haka: ringi, wato zoben fistin, ya ci. Baba ya tambayi direba, tana tashi da safe bugu ɗaya? Ya ce ƙwarai. Salansa tana shuɗin hayaƙi? Ya ce a'a. Ya ce to mu duba hancinta tukuna kafin mu yanke wa huhunta hukunci.

Yadda ya yi mana bayani, kowane inji, ko sabo fil, akwai 'yar iskar ƙuna da ke silalewa ta gefen ringi ta faɗa cikin kasko. An yi mata bututun da za ta fita. In bututun ya toshe sai ta taru, ta matse man, ta nemi kowace kafa mai rauni. Shi ya sa motar take bushewa in tana tsaye ko tana yawon cikin gari, sai an lafta mata kaya ta kama doguwar hanya ta fara kuka.

Yaron nan ne ya zura siririn hannunsa ta bayan inji ya cire tiyon fitar iskar. Ya hura, iska ba ta wuce ba. Ya sa waya ya zaƙulo wani ɗan marfin roba ja, bai kai kan babban yatsa ba, ya shige can ciki. Irin wanda ake toshe kafofin inji da shi ne kafin a loda shi a kwantena, don kar mai ya zube ko ƙura ta shiga. An cire na bututun gas da na ruwa, wannan ya ɓuya a inda ido ba ya kai wa. Muka tsaya mu biyar muna kallon abin a tafin hannun yaro, aka rasa mai magana.

Da aka mayar da tiyon aka sake tayarwa, hucin ya kwanta. An dai canja gasket ɗin murfin sama, an sake sauke giyabos saboda fulet ɗin kulochi, Baba ya ce tun da an buɗe a sa sabon sil ɗin baya gaba ɗaya, domin wancan ya sha matsa. Na gaba ya ce a bar shi a gani, kuma ya daina da kansa.

Baba, na san ba ka hawa Facebook, amma jikanka ya yi alkawarin zai karanta maka. Kuɗin da ka karɓa bai kai rabin na sil ɗin farko ba, da na ƙara maka kuma ka ce in ba yaro. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Kai kuma ɗan autan gareji, Allah Ya yi wa hannun nan albarka.

Mai shagon inji, na zage ka a gaban jama'a, ga shi a gaban jama'a ina cewa injinka lafiyayye ne, ka yafe ni. Ogan da ya ɗaura, mantuwa ce irin ta ɗan Adam, kuma da ka ji labari ka zo da kanka ka sauke giyabos ba ka karɓi ko sisi ba, na gode. Alhajin da masararsa ta kwana biyu a hanya bai ɗaga mini murya ba, Allah Ya ƙara buɗi. Direbana, kai ka san abin da na faɗa maka a gida. Uwargida kuma, tumakinki bashi ne a kaina, kafin babbar salla in sha Allahu.

Marfin robar yana nan a aljihun gaban mota, direba ya ce ba zai yar ba. Gobe da asuba za ta yi lodin gero zuwa Kaduna, ku sa mu a addu'a.