Wuƙar Riyal 35 da Abin da Ya Kamata a Nema a Wurinta

A ɗan shagon da muke ɗaure wa alhazai da masu Umara kaya a Jidda, can wajen Bab Makka, babu abin da hannuna yake yawan taɓawa kamar wuƙar aljihu mai ninkewa. Da ita ake yanke igiya, da ita ake farke kwalin dabino idan ya zarce nauyin da jirgi ya yarda da shi, kuma idan rana ta take aka wanke ta, da ita ake yanka kankana. Wadda na daɗe da ita ta ɓace a cikin hada-hadar bayan Hajji, kuma ina kyautata zaton tana kwance yanzu a jakar wani alhaji a Kano ko Maraɗi. Saboda haka na aiki ɗan ƙanwata cikin Balad, tsohon garin Jidda, ya sayo mini wata, ya dawo da 'yar China ta riyal 35, wato abin da bai kai dala 10 ba.

Yana buɗe kwalin sai ya ɓata fuska. "Kawu, an cuce mu," in ji shi, ya shiga nuna mini aibobinta ɗaya bayan ɗaya. Idan an ninke ta, ruwan wuƙar ba ya zama daidai tsakiyar mariƙin, ya ɗan karkata hagu. Washin da aka yi mata a masana'anta ya fi faɗi a gefe ɗaya. Akwai wani siririn karce kusa da tambarin, ga kuma 'yar kafa tsakanin robar mariƙin da ƙarfen ciki wadda farce zai iya shiga. Duk abin da ya lissafa gaskiya ne. Sai dai yaron ya koyi kallon wuƙa ne a YouTube, inda ake juya wuƙaƙen ɗaruruwan daloli a ƙarƙashin fitila mai haske, kuma da wannan idon ya zo yana auna hajar da aka saya da kuɗin cin rana biyu.

Na karɓa na yi mata nawa gwajin, wanda ba shi da alaƙa da kyan gani. Na buɗe ta har sakatar ciki, wato ƙarfen da yake kulle ruwan a buɗe, ta kama, sannan na riƙe mariƙin ta yadda yatsuna ba su kan hanyar kaifin, na danna bayan ruwan da ƙarfi: ba ta motsa ba. Na girgiza ruwan sama da ƙasa, babu wasa. Na ninke ta na shafa yatsa a bakin mariƙin don in ji ko tsinin ya leƙo waje, na tarar ya nutse sarai. Na kaɗa ta a rufe, ba ta buɗe da kanta ba. Karkatar da ta dame shi kuwa, na ɗaga ta wajen haske na ga ruwan bai kai ga gogar bangon ciki ba. Daga nan na ce masa ba za a mayar da ita ba.

Yawancin irin waɗannan wuƙaƙe daga Yangjiang suke fitowa, wani birni a lardin Guwandon na China da ya shahara da ƙera wuƙaƙe da almakashi, kuma ƙarfen da aka fi rubutawa a jikinsu shi ne 8Cr13MoV, mai ɗauke da kiromiyam kusan kashi 13 cikin 100, wanda shi ne yake rage masa saurin tsatsa. Ƙarfe ne mai sauƙin kuɗi, mai saurin dakushewa idan aka kwatanta shi da na manyan wuƙaƙe, amma kuma mai saurin karɓar washi. Abin da yake ɗaga farashin wuƙa ba ƙarfen kaɗai ba ne, lokaci ne. Ma'aikacin da aka ba shi damar zama da wuƙa ɗaya yana daidaita kusar da ruwan yake juyawa a kanta, yana goge kowane gefe, yana ware wadda ba ta yi ba a zubar, dole a biya wannan lokacin da wannan asarar a cikin farashi. Wanda aka ce ya haɗa tuli guda kafin a tashi aiki zai ɗora ruwan a kan injin washi da hannu, ya ja sau ɗaya nan, sau ɗaya can, ya miƙa gaba. Karkatar ruwan ma sau da yawa ba wani abu ne yake jawo ta ba illa sakatar ciki da take tura shi gefe, ko kusar tsakiya da ba a ɗaure daidai ba.

Wannan kuma ba sabon abu ba ne da China ta kawo. Wuƙar Opinel, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a yankin Savoie na Faransa a 1890, mariƙinta katako ne, kuma sanannen abu ne cewa idan ya sha danshi yana kumbura har ruwan ya yi wuyar fitowa, sai an buga gindinsa a kan tebur. Zoben da yake kulle ta ma sai a 1955 aka ƙara shi. Douk-Douk, wadda ake yi a garin Thiers na Faransa tun 1929 kuma ta bazu a Arewacin Afirka, mariƙinta fallen ƙarfe ne kawai da aka lanƙwasa. Okapi mai zobe, wadda aka fara yi a Solingen ta Jamus kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu, ba ta taɓa yin suna da santsin gogewa ba. Manoma da masunta da 'yan dako sun riƙe su shekara da shekaru, domin suna yanka, kuma idan sun ɓace ba a zaman makoki. Wuƙaƙen maƙeranmu na gida ma da sawun guduma a jikinsu ake sayen su, ba a taɓa jin mahauci ya mayar da wuƙa saboda haka ba.

Inda na rabu da masu shaguna shi ne yadda suke fakewa da cewa araha ba ta ado, su tura maka kowane irin tarkace. Ado ne karin maganar ta ce araha ba ta yi. Ba ta ce araha ba ta aiki ba. Akwai tabo a ɗan yatsana na dama da ya rage mini daga wata wuƙa da na saya shekarun baya, wadda ta fi wannan sheƙi nesa ba kusa ba, da mariƙi mai ruwan zinariya da zane a jikin ruwanta. Kyan ɗan maciji ne. Ina huda kwali da ita sakatar ta zame, ruwan ya rufo a kan yatsana, aka yi mini ɗinki uku. Da na koma, mai shagon ya ce mini ai na san kuɗin da na biya. Na sani mana, amma kuɗin wuƙa mai kullewa na biya, kuma wadda ba ta kullewa ba ta cika sunan abin da aka sayar mini ba, ko da kyauta aka ba ni.

Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe wannan a babin ciniki. Aibin da yake ba mai saye damar mayar da haja shi ne wanda yake rage darajarta ko amfaninta a al'adar masu sana'ar, kuma wajibi ne mai sayarwa ya bayyana shi idan ya san da shi. Karcen da zai zama aibi a wuƙar riyal 1,000, wadda rabin kuɗinta na kyan gamawa ne, ba lallai ya zama aibi a ta riyal 35 ba, tun da kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma sakata mai zamewa, ko tsinin da yake leƙowa ya yanki mutum a aljihu, ko ƙarfen da ba a gasa shi daidai ba har bakinsa yake lanƙwashewa a kan igiyar leda, waɗannan aibi ne a kowane farashi.

Da yamma muka nemo ɗan sukudireba mai bakin tauraro, na sassauta kusar tsakiya, na tura ruwan dama, na sake ɗaurewa, karkatar ta ragu da kusan rabi. Na kife kofin shayi na tangaran na wasa bakin a kan zoben gindinsa marar santsi har ya fara aske gashin hannu, na ɗiga mata man keken ɗinki. Yaron ya ce har yanzu yana ganin karcen. Bayan mako uku na farke kwalaye, ni da shi mun duba mun kasa gane wanne ne na masana'anta a cikin karcen da ke jikinta, sai wani ɗan ɗigon tsatsa da danshin Bahar Maliya ya fitar kusa da kusar, ranar da aka yanka lemo da ita aka manta ba a goge ba.