Sati biyar ina fama da gafiya a ɗakin kajina, ga inda aka kwana

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon kiwo irina. Yau sati biyar ke nan da fara aikin tsare ɗakin kajina daga masu haƙo rami.

Ɗakin yana bayan gidanmu a Argungu ta ɓangaren fadama, ƙafa 20 tsawo 12 faɗi, bulo layi uku sai waya har sama, ƙasan kuma daɓe ne kawai na zuba buntun shinkafa a kai. Kaji 80 masu ƙwai gare ni da 'yan tsaki 50 da na killace a lungu guda. Tun da ruwa ya cika fadama a watan Agusta duk wani mai rami ya hauro tudu, cikin dare uku na rasa tsaki 11, wasu ko gawarsu ban gani ba wasu na iske an ci rabi an bar rabi, wallahi ranar ko karyawa ban iya yi ba.

Satin farko na yi abin da kowa ke yi, na ɗura fasasshiyar kwalba a ramukan na liƙe da siminti. Washegari ga sabon rami bai fi taki ɗaya daga tsohon ba. Toshe bakin rami ɓata siminti ne jama'a, don hanyar tana can ƙarƙashin bango, baki kawai zai sake.

Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya ce min, yaro fara sanin wa ke shigo maka tukuna. Na barbaɗa toka kewaye da ɗakin bayan isha'i, na cusa tsohuwar takarda a bakin kowane rami, da asuba na fito da tocila. Cikin ramuka bakwai huɗu ne anka ture takardarsu, sauran tsoffi ne. Kan tokar kuma sawu iri biyu, ƙanana na ɓera birjik, sai wani babba da alamar jan wutsiya. Kwana biyu bayan nan tarko ya kama ta, gafiya ce ƙatuwa, rabin wutsiyarta fari, kumatunta cike taf da abincin kajina, don ita a kumatu take dakon abinci zuwa raminta.

To ga babban aikin, shi nake so ku natsu ku karanta. Mun haƙa kwalbati siriri kewaye da ɗakin gaba ɗaya ta waje, manne da bango, zurfin ƙafa ɗaya da rabi faɗin ƙafa ɗaya. Sai waya. Don Allah kar ku sayi wayar kaji ta gama-gari mai manyan idanu, an yi ta ne don tsare kaza kar ta fita, ɓera na ratsa ta, kuma cikin ƙasa mai laima nan da nan take ruɓewa. Ku nemi mai kauri mai ƙananan idanu sosai wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa, mai rufin da ke hana tsatsa, ta fi tsada sosai amma ita ce aikin. Mun kafe bakinta na sama jikin bulo da ƙusar kankare, muna sa murfin kwalbar lemo a matsayin wosha don kar wayar ta zame, ta gangara jikin bango har gindin kwalbatin sannan munka lanƙwasa ta ta kwanta ƙafa ɗaya tana kallon waje, munka maida ƙasa da tsakuwa munka daddaɓe. Wannan lanƙwasar ita ce sirrin, domin dabba a gindin bango take fara haƙa, in ta nutsa sai ta iske waya a gabanta da kuma ƙarƙashinta, ba ta da dabarar ja da baya ta faro daga nesa. Duk inda waya biyu sunka haɗu ku ɗora ɗaya kan ɗaya kamar faɗin tafin hannu ku ɗinke da wayar ɗauri, musamman a kusurwa, ni kusurwar gabas sai da na sake tone ta don na bar 'yar kafa can.

Daɓen ciki na fara mayar da shi kankare, siminti kwano 1 yashi 2 tsakuwa 4, kaurin inci uku. Rabi kawai na yi na tattara kajin ɗaya gefen, ina ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Ƙasan ƙofa kuma na buga mata langa-langa, don ƙaramin ɓera duk kafar da biro zai shiga shi ma zai iya matsawa ya shige.

Sai abinci. Kaji 80 in kowace ta ci giram 115 a rana, buhu mai kilo 25 ya kamata ya kusa kwana uku, ni kuwa kwana biyu yake ƙarewa ina ta zargin kajin da ɓarna. Yanzu da magariba nake kwashe mazubin abinci, in share wanda ya zube, buhunan kuma suna cikin duron ƙarfe mai murfi. Lissafi ya dawo daidai.

Da yawa sun ce min in sa guba in huta, ban yarda ba kuma ba na ba kowa shawarar haka kusa da kaji. Ɓeran da ya ci guba yakan fito fili ya mutu, kaza ta tsattsage shi, ga kyanwa ga yara suna wasa a wajen. Tarko ya ishe ni. Kuma in kun kama kar ku taɓa da hannu tsirara, ku sa leda ku binne ku wanke hannu da sabulu, zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969 ta fitsari da kashin wani irin ɓera yake yaɗuwa. Ramin da ɓera ya bari ma maciji ke gadonsa, shi ya sa na cike tsoffin ukun nan, na kuma nome ciyawa taku biyu kewaye da ɗakin.

Yau dare tara ba sabon rami a ciki, tsakina 39 suna nan lafiya alhamdulillahi. Jiya da safe na iske an yi tono ta yamma, na sa hannu cikin leda na laluba, daidai kan waya ya tsaya. Ran Asabar in sha Allahu za mu zuba ragowar rabin kankaren, daga nan in hau in toshe tsakanin kwano da katako, don na ga kashin ɓera a kan azara.