Wasiƙa daga Sikotland: kafin ku sayi takalmin hawan dutse a gwanjo

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Birnin Kebbi, Argungu, Zuru da kewaye. Da fatan damina ta sauka lafiya.

Irin takalman hawan dutsen da ake sawa a nan su ne ke isowa kasuwanninku cikin dilar gwanjo, kuma manoma da masu awon ƙasa da ma'aikatan daji suna zuba kuɗi a kansu. Abin da ke damunmu shi ne da an ga Gore-Tex a jiki sai a biya, ba a tambayi aikin da zai yi ba.

Gore-Tex wata siririyar shimfiɗa ce da ake sakawa kamar safa tsakanin fatar waje da yadin ciki. Bob Gore ne ya gano ta a Amurka a 1969. Ƙofofinta sun fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau kusan 20,000, shi ya sa ruwa ba ya shiga amma tururin gumi yana fita. Sai dai tururin ba ya fita sosai sai waje ya fi cikin takalmin sanyi da bushewa. A Sikotland haka abin yake kusan kullum. A Kebbi kuwa, cikin zafin Afrilu ko ɗanyar iskar Agusta, gumin ba ya fita yadda ya kamata, ƙafa ta wuni a jiƙe, bororo da ƙaiƙayin tsakanin yatsu su biyo baya. Don aikin rani, takalmin da ba shi da wannan shimfiɗa ya fi. Mai noman shinkafa a fadamar Argungu kuma dogon takalmin roba ne nasa, domin in ruwa ya shiga ta saman takalmin Gore-Tex, riƙe shi yake kamar bokiti. Inda takalmin Gore-Tex yake biyan kuɗinsa shi ne raɓar safiya, jiƙaƙƙiyar ciyawa da hawan duwatsun Zuru da damina.

Abin da ke kashe takalmin gwanjo yana ƙasa. Tsakanin robar da ke taka ƙasa da jikin takalmin akwai katifa, ko ta EVA ko ta PU, wato nau'o'in soson roba biyu. Ta EVA tana lotsewa a hankali. Ta PU ta fi ƙarfi, amma danshi yana cin ta ko ba a taɓa sa takalmin ba, zafi kuma yana hanzarta abin. Bayan 'yan shekaru a ajiye sai ta fara rugurgujewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli, tafin ya cire gaba ɗaya ana cikin tafiya, kuma gam ba ya kama gari. Ku danna katifar da farce a dunduniya, ku lanƙwasa takalmin da ƙarfi. In ta yi danƙo, ta tsage, ko ta bar gari a yatsa, kada ku saye shi ko da samansa na ƙyalli. Tambarin Vibram mai ruwan ɗorawa robar ƙasa kawai yake wa shaida.

Sannan ku ɗaga harshen takalmin ku ga ko an haɗe shi da gefuna biyu har sama. Inda haɗin ya tsaya, nan ne iyakar tsaron ruwa. In mai kaya ya yarda, ku cusa takarda ciki, ku danne da dutse, ku tsayar a bahon ruwa mintuna 15. Yoyon yakan fara ne daga inda takalmin ke lanƙwasawa a kan yatsu.

Ku gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ku yi aiki da ita. A bar faɗin yatsa ɗaya a gaba, dunduniya kuma kada ta riƙa ɗagawa. Safar auduga tana riƙe gumi, ta ulu ko nailan ta fi.

Yashi ne babban abokin gaban shimfiɗar, gogarta yake har ta huje, don haka a riƙa cire abin takawa na ciki ana karkaɗewa. Kada a shanya kusa da murhu ko a tsakiyar rana, gam zai saki. A cusa tsohuwar jarida a bar shi a inuwa. Man kaɗanya yana toshe numfashinsa. In kuma tafin ya fara buɗewa, ku gaya wa shumeka ya yi aiki da gam kawai, don basilla na ratsawa ta huda shimfiɗar, kuma ba ta gyaruwa.

A gaida gida, Allah ya ba da damina mai albarka.

'Yan'uwanku a Sikotland