Kada ka rufe jiƙaƙƙen katako da faiba

Jiya na tarar da wani yaro ɗan Agege da muke koya wa aiki ya dama rezin, wani ruwan gam mai daskarewa ya yi tauri, ya yanka tabarmar faiba, wato saƙar zaren gilas da ake yin jikin jirgi da ita, yana shirin shimfiɗawa a saman wani jirgin ruwa mai filafilai da aka jawo tudu. Na ce, "Kai yaro, ka ƙwanƙwasa wurin nan kuwa?" Bai ko cire abin kunnensa ba ya ce, "Baba, ai haka na gani a YouTube." Na karɓe goran rezin ɗin na ajiye gefe, raina a ɓace, don na san inda hanyar nan take kai mutum.

Ni da gadi na fara a Legas, a wani wurin gyaran jirage da ke bakin ruwa tsakanin Ikoyi da Victoria Island. Wani dattijo ɗan Ilaje ne ya ga ina yawan leƙen aikinsa ya jawo ni jiki. Aikin farko da na karɓa da sunana jirgin wani Bature ne, samansa ya yi laushi, in ka taka sai ya lotsa. Irin waɗannan jirage faiba ce sama, faiba ƙasa, katako a tsakiya. Ruwa yana bin ramukan noti ya shiga, katakon ya ruɓe a ɓoye. Da ƙaramar guduma ake ganewa: wuri mai lafiya ƙara yake yi ras, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. Na ji dum ɗin nan, wallahi na ji. Abin da ya kamata shi ne a yanke faibar sama, a kwashe ruɓaɓɓen, a bar wurin ya bushe, a sa sabon katako, sannan a rufe.

To amma watan Yuni ne, lokacin da ruwan Legas ba ya ɗaga ƙafa, yaushe zai bushe? Mai jirgi yana matsa mini, wai yana son kai iyalinsa Tarkwa Bay, wani bakin teku da ake zuwa shaƙatawa, kafin su tafi hutu. Ni kuma ga lefe a kaina, ana ta aike daga gida. Da na ce a jira hunturu, da wani ya ba aikin, kuma wancan ma rufewar zai yi. Haka nake gaya wa kaina har yau, wani lokaci in yarda, wani lokaci in ji kunya.

Sai na shimfiɗa sabuwar faiba a kan tsohuwa. Maganin daskarewa da ake ɗigawa a rezin kamar kashi 2 cikin 100, na ninka shi don ya kama da wuri, ya ɗau zafi ya daskare da gautsi. Notunan da suka ci na canza su da na farar tagulla masu araha. Ban san ruwan gishiri yana tsotse tutiyar da ke cikinsu ba, su yi ja-ja su riƙa marmashewa. Wannan dai ba laifina ba ne, ba wanda ya gaya mini. Na yi fenti fari tas, mai jirgi har da ƙarin kuɗin goro.

Bayan damina, a bakin mashigar teku, ƙarfen da ke riƙe wayar da ta ɗaure sandar filafilai ya tumɓuke da katakonsa. Sandar ta faɗi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Dattijon nan bai zage ni ba, ya dai daina kirana idan aiki ya zo, wannan ya fi zagi ciwo.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu wa ke karanta dogon rubutu? Ka ƙwanƙwasa kafin ka rufe. In ya jiƙe, ka faɗa wa mai jirgi gaskiya, in ya ƙi ka bar masa aikinsa. Ko da yake, kada ka cika ƙin aiki, Legas ba ta ciyar da mai zaɓe, kuma gidan haya ba ya jiran rani. Ka karɓa, amma ya sa hannu a takarda cewa ka gaya masa. Noti kuwa, baƙin ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316 ko tagulla ta gaske, ba farar nan ba, ba abin da ɗan kasuwa ya rantse maka a kai ba.

Kuma don Allah ku riƙa rufe hanci idan kuna goge fentin ƙasan jirgi. Dafi ake sa masa don kashe ƙwarin ruwa da ke maƙalewa, ku kuwa kuna shaƙa ba riga ba takunkumi, hannu ɗaya a injin guga, ɗaya a waya ana ɗaukar bidiyo.